Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsaron Rai da Lafiya a Kwalejojin Agye, Gazawa da Gidan Runji

Ranar Litinin, 8 ga watan Nuwamba na shekarar 2021, wuta ta kama azuzuwa uku na zana a makarantar boko ta AFN cikin birnin Maraɗi. Yara 26 suka rasu, ƴan shekara biyar zuwa shida, waɗansu kuma suka ƙone ƙwarai aka kai su asibiti. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jahar baki ɗaya. Kusan wata bakwai kafin haka, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan masifa ta auku a unguwar Pays-Bas ta Yamai, inda yara 20 suka rasa rayukansu cikin runfunan da suke karatu. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan gobarar Maraɗi, majalisar ministoci ta hana a ƙara zaunar da ƙananan yara ƴan share fagen shiga lakwal cikin ajin kara ko na zana, ko'ina a faɗin ƙasa.

Wannan doka ta ƙananan yara ce. Amma jama'a masu karatu, ku da kuke zaune a ƙasar Agye, da Gazawa, da Gidan Runji, kun san yayyensu ma ba su rabu da runfa ba. A wancan lokaci hukuma da kanta ta ce akwai wajen aji 36,000 na kara da zana cikin ƙasar Nijar. Waɗansu daga cikinsu na kwalejojin karkara ne, waɗanda aka buɗe don kada yaro ya bar ƙasarsu saboda neman ilimi. Waɗansu kuma suna cibiyoyin koyon sana'a da aka kafa a komin-komin, inda samari da ƴan mata suke koyon walda, da kafinta, da ɗinki, da gyaran babur. Batun waɗannan makarantu ne za mu duba yau: me ke iya samun ɗalibi a cikinsu, kuma me ya kamata a tanada tun abin bai zo ba.

Gundumomin nan uku ba ƙananan wurare ba ne. A ƙidayar shekarar 2012 an samu fiye da mutum 900,000 a cikinsu, Gidan Runji kaɗai ta wuce rabin miliyan. Gundumar Agye tana da komin biyu, Agye da Caduwa. Gazawa, wadda aka cire daga Agye a 2011, tana da Gazawa da Gangara. Gidan Runji kuwa biyar gare ta: Gidan Runji, Tsibiri, Cadakori, Saye Sabuwa da Gidan Sori. Daga Maraɗi zuwa Gidan Runji kimanin kilomita 50 ne, zuwa Agye wajen 80, Gazawa kuma ta fi nan nisa. Wannan lissafin kwalta ne kawai. Wanda zai shiga ƙauye sai ya bar kwalta ya kama rairayi. Mai karatu ya riƙe wannan nisa a zuciyarsa, gama shi ne tushen duk abin da za a faɗa nan gaba. Taimakon da zai taso daga birni yana zuwa, amma ba ya zuwa cikin minti biyar, runfar kara kuwa ba ta buƙatar fiye da haka ta zama toka.

Yadda wuta take cin aji

Ba don son rai ake yin ajin zana ba. Yara ne suke ƙaruwa kowace shekara fiye da yadda ake iya gini. In an buɗe sabon kwaleji a wani gari, sau da yawa ɗalibai da malamai ne suke riga gini isowa. Sai iyaye su jira a gama girbin hatsi, a samu kara, a saƙa zana da gamba, a kafa dirkoki, a aza runfa. Shi ya sa a makarantu da dama karatu ba ya kankama sai an kai amfanin gona gida, kuma da hadarin farko na damina ya taso, iska ta kwashe ajin, karatun shekara ya ƙare ke nan. Watau dai ajin kara yana rayuwa ne daidai lokacin da wuta ta fi ƙarfi: cikin hunturu, sa'ad da iskar gabas take busowa ba ɗigon laima, da cikin bazara, sa'ad da kome ya bushe ƙarau.

Kara da zana ba su kama wuta sannu-sannu kamar itace. Sirara ne, iska tana ratsa su ta ko'ina, harshen wuta yana bin bango ya hau rufi nan take. Daga nan tarkacen rufin mai ci ya riƙa zubowa bisa kawunan waɗanda ke ciki. In an jera runfuna bango ɗaya, kamar yadda aka saba yi don a rage yawan zanar da za a saya, to wutar aji guda ta dukansu ce. Ga shi kuma yawanci ƙofa ɗaya ce, ƙarama, ga tebura da bencina sun cika wuri, ga yara sun yi yawa. Kowa ya tashi lokaci guda ya nufi ƙofa, na gaba ya faɗi, na baya ya hau kansa, ƙofa ta toshe da mutane. Hayaƙi ya rufe ido, ya shaƙe numfashi. Ɗan kwaleji ya fi ɗan share fage ƙarfi da wayo, gaskiya ne, amma ƙarfin nan kansa yana zama lahani wajen turereniya.

Daga ina wutar take fitowa? Ba daga nesa ba. Murhun mai tuyar ƙosai ko wainar da take sayarwa a bakin makaranta. Guntun taba da wani ya yar. Juji da aka cinna wa wuta don a share fili. Wutar da yara suke hurawa su ji ɗumi da sassafe cikin sanyi. Ashana a aljihun yaro. Babur da aka jingina jikin zana da zafin inji da ɗigon mai. Duk waɗannan abubuwa ne da ido yake gani kullum, har ya saba da su ya daina ganinsu.

Maganin gaskiya shi ne gini, ba wanda zai musa wannan. Kuma gini ba lalle sai na siminti da kwano ba. Maginanmu sun san tubali, sun san daurin guga da bakan gizo tun kaka da kakanni, akwai kuma dabarar ginin da ba ya buƙatar itace ko azara, wadda aka koya wa magina da yawa a ƙasar nan tun shekarun 1980. Dattawa ba su manta ba, zamanin Janar Seyni Kunce, bayan 1974, ƙungiyoyin samariya sun gina azuzuwa masu yawa da aikin gayya. Abin da aka yi jiya da hannu da laka ba zai gagara yau ba. Amma kafin a kai ga gina dubban azuzuwa, yara suna zaune cikin kara, kuma akwai abin da za a yi wanda bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba.

Na farko, a raba runfuna. Kowace ta tsaya ita kaɗai, a bar fili mai faɗi tsakaninta da ƴar'uwarta, a share ciyawa da tarkace kewaye da ita har ƙasa ta fito fes. Kada a jera su bisa hanyar iskar hunturu, ta yadda wutar ta gabas za ta faɗa wa ta yamma. Kowace runfa ta samu ƙofa biyu, gaba da baya, masu faɗi, a kuma bar hanya tsakanin layukan tebura. Zanar gefe kada a ɗaure ta tamau da waya. A ɗaure ta da igiyar kaba yadda in an banke ta da kafaɗa za ta faɗi waje. Wannan ƙaramar dabara ce, amma tana mayar da bango duka ya zama ƙofa. A ajiye tulin rairayi da bokiti biyu ko uku kusa da kowane aji, tunda rairayi dai ba ma sayensa, da randa ko tano cike da ruwa wanda ba a taɓa shi don sha. Masu sayar da abinci kuma ba korarsu za a yi ba, gama yaron da ya taso daga ƙauye tun asuba da su ya dogara. A ba su wuri nesa da kara, ta gefen da iska take tafiya.

Na biyu, a koya wa yara fita. Mutane da yawa za su yi dariya su ce, fita ma sai an koya? I, sai an koya. Soja ba ya jiran ranar yaƙi ya koyi jeri. A samu ƙararrawa ko guntun ƙarfe da ake bugawa da wani irin bugu na dabam wanda kowa ya san ma'anarsa. In an ji shi, layin dama ya bi ƙofar gaba, na hagu ya bi ta baya, ba mai tsayawa ɗaukar jaka ko takalmi, ba mai komawa ciki. A taru ƙarƙashin wata bishiya da aka sani, kowane malami ya kira sunayen ajinsa. A gwada wannan farkon shekara, a sake gwadawa in hunturu ya kama, darekta yana riƙe da agogo yana duba minti nawa aka yi. Ranar gwajin farko za a ga abin mamaki: tebur da ya tare hanya, yaro mai sanda wanda ba wanda ya tuna da shi, malamin da bai san inda rajistarsa take ba. Gara a gano su ranar wasa.

In wuta ta kama rigar mutum, kada ya ruga da gudu, gudu hura ta yake yi. Ya faɗi ƙasa ya yi birgima, na kusa su rufe shi da bargo ko su zuba masa rairayi. Wurin da ya ƙone a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta, mai sanyi, har kamar minti 20, sa'an nan a rufe da ƙyalle mai tsabta a kai shi likita. Kada a shafa ƙwai, ko man gyaɗa, ko tawada, ko man goge haƙori, balle kashin shanu. Ba su warkarwa, ƙazanta suke sa wa ciwo, kuma suna wahal da ma'aikacin lafiya wajen wankewa. In tufa ta manne da fata kada a fizge ta. Lambar masu kashe gobara 18 ce. A rubuta ta da manyan baƙaƙe a bangon ofishin darekta, tare da lambar salular shugaban likita mafi kusa, da ta jandarma, da ta wani mai mota a garin wanda aka riga aka yi magana da shi.

Cibiyoyin koyon sana'a suna da nasu hatsari na dabam. Can wuta kayan aiki ce. Tartsatsin walda yana tashi nesa, in akwai ɓawon katako na masu kafinta ko ƙyallayen masu ɗinki kusa, an gama. Ɗakin walda da na kafinta bai kamata su haɗa bango na zana ba. Isansi da ake wanke kayan inji da shi kada a bar shi cikin kwano a buɗe, kada kuma a zuba shi cikin gorar ruwan sha. Wutar mai ba a kashe ta da ruwa, ruwa ɗaukarta yake yi ya baza, sai rairayi ko abin kashe wuta. Wutar lantarki ma haka, a fara yanke ta tukuna. Yaron da yake walda ba gilashin kare ido, da dare zai kwana yana kuka kamar an zuba masa rairayi a ido, in ya daɗe yana haka kuma ganinsa ya raunana. Malamin sana'a da ya koya wa yaro riƙe ƙarfe bai koya masa kare idonsa ba, rabin sana'a ya ba shi.

Ruwan sha da cututtukan lokaci

Mutanen Tsibiri sun san abin da ruwa yake iya yi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000, garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi wanda sinadarin fuloro ya yi masa yawa, ya zarce ƙwarai ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, watau miligiram ɗaya da rabi cikin lita. Ruwan garau yake a ido, ba wari, ba ɗaci. Sai da haƙoran yara suka rine, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe, sa'an nan aka gane. Darasin da ke ciki ga kowace makaranta shi ne, in an haƙa sabuwar rijiya ko an kafa famfo, a nemi ma'aikatan ruwa su auna, a ba darekta takardar awon ya ajiye. Ido ba ya auna ruwa.

Kwalara kuwa ba ta jiran shekaru. A watan Yuli na 2018 ta ɓulla a ƙasar Madarunfa, ta bazu har Maraɗi, da Gidan Runji, da Agye, kafin farkon Oktoba an ƙidaya fiye da mutum 3,600 da suka kamu a ƙasa baki ɗaya. A 2021 ta komo, ta kama fiye da mutum 5,000, jahar Maraɗi ce kuma ta fi jin jiki. Cuta ce ta kashi da ruwa: ƙwayar tana fita daga cikin mai ciwo, ta shiga rijiya ko randa ko abinci, wani ya sha. Makarantar da take da ɗalibai ɗaruruwa ba salanga, ko akwai salanga amma ta cika an daina shiga, kowa sai bayan gari, ta riga ta share wa kwalara hanya. Haka randar da kowa yake tsoma moɗa ɗaya a ciki. A samu tulu mai famfo, ko a rataye moɗa mai doguwar mariƙa, a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, a ajiye buta da sabulu ko toka a bakin salanga. Salangar ƴan mata ta zama dabam, mai ƙofa da ke rufuwa. Rashin wannan kaɗai yana sa budurwa ta zauna gida kwana da kwanaki kowane wata, ba ta kuwa faɗa wa kowa dalili.

In ɗalibi ya kama zawo mai kama da ruwan shinkafa, da amai, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, kuma cikin sa'o'i kaɗan yake yi. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a makaranta, ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. In ba ƙunshin likita, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita guda. Yana sha ana tafiya da shi, ba a jira sai an iso.

In damina ta kwalara ce, rani na sanƙarau ne. Ƙasarmu tana tsakiyar yankin da wannan cuta ta fi addaba, daga Senegal har Habasha. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana maƙogwaro, cunkoso cikin ɗaki yana sa ƙwayar ta tsallaka daga wannan zuwa wancan. Tun 2010 aka fara allurar rigakafin nau'in da ake kira A, wanda dā shi ne mai yin ɓarna mafi girma, kuma ta yi aiki sosai. Amma a 2015 wani nau'in, C, ya taso ya kama fiye da mutum 8,000, ya kashe fiye da 500, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki cikin watan Afrilu. A 2024 aka fara amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar. Duk da haka malami ya san alamun: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare, yaro ba ya son haske. Wannan ba ciwon da za a ce ya je gida ya kwanta a gani zuwa gobe ba ne.

A nan ne ya kamata a tuna da waɗanda aka fi mantawa da su, watau ɗaliban da suka baro ƙauyukansu suka zo garin da kwaleji yake. Mai sa'a ya samu mai masauki na kirki. Waɗansu kuwa su shida ko takwas suke haɗuwa cikin ɗaki ɗaya, ko zaure, ko shago, su rufe ƙofa da taga saboda sanyi, wani lokaci har da kaskon gawayi a ciki. Hayaƙin gawayi cikin rufaffen ɗaki yana kashe mutum yana barci. Ba uwa kusa da za ta taɓa goshin yaro ta ji zafi. Ba sange, ga shi maganin rigakafin masassarar cizon sauro da ake rabawa da damina, wanda aka fara a ƙasar nan a 2013, Gidan Runji tana cikin wuraren farko, an tsara shi ne don yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ɗan kwaleji bai da abin kariya sai sange. Darektan da bai san inda baƙin ɗalibansa suke kwana ba, bai san rabin makarantarsa ba. Littafi guda ya isa: sunan yaro, ƙauyensu, sunan mai masauki, lambar salular uba ko wani ɗan'uwa.

Ruwan sama, kwalta da iyaka

Tsohon garin Maraɗi a kwari yake, bakin gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka koma tudu. Gulbin nan bai sake hali ba, yana nan yana bi ta Tsibiri da Gidan Runji kafin ya koma Najeriya. A daminar 2024 ruwa ya kashe fiye da mutum 300 a ƙasar Nijar, ya shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi asarar rayuka. Azuzuwa suka rushe, waɗanda suka tsaya kuma aka sauke waɗanda gidajensu suka faɗi a ciki, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Saboda haka kafin a mayar da yara aji bayan damina, a sa magini ya duba gindin bango da tsagewa, kafinta ya duba kwano da katakon da gara ta ci. Kwanon da ya kwance, in iskar hadari ta ɗauke shi, wuƙa ne. In kuma za a ba da filin sabon kwaleji, kada mai gari ya ba da fadamar da ba mai so don ita ce ta arha.

Batun hanya gajere ne. Babbar kwalta ta ɗaya ta ratsa Gidan Runji, da Caduwa, da Agye, da Gazawa, manyan motoci suna wucewa dare da rana. Lokacin tashi daga makaranta yara suna fantsama bisa kanta, waɗansu uku bisa babur ɗaya. Makarantar da ƙofarta take kallon kwalta, a sake mata ƙofa ta gefe, a nemi hukuma ta sa alama da tudun rage gudu.

Sai maganar da ba a son yi da ƙarfi. Tun 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, da Zamfara, da Katsina suka tsallako ƙasar Gidan Runji suna gudun ƴan bindiga, aka zaunar da waɗansunsu a Ɗan Daji Makau, da Garin Kaka, da Cadakori, ƴaƴansu suka shiga makarantunmu. A ƙetaren iyaka an kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, an kwashe ƴan mata 279 a Jangebe cikin Fabrairu 2021. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar kare makarantu ta 2015, kuma ita ce da ƙasar Norwe suka gabatar da ƙuduri mai lamba 2601 a Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka amince da shi ranar 29 ga Oktoba 2021, kan kare ilimi a wuraren rikici. Tsaron iyaka aikin sojoji ne da jandarma. Abin da ke hannun makaranta shi ne shinge, da mai gadi da ake biyansa, da sanin baƙon da ya shigo, da sa ɗaliban ƙauye su yi tafiya ƙungiya, su isa gida kafin faɗuwar rana. A kuma yi hattara da jita-jita. Ihun ƙarya guda yana iya sa yara su tattake juna, ko iyaye su janye ƴaƴansu mata daga karatu, su ƙi mayar da su. Labari in ya zo, darekta ya tuntuɓi mai gari da jandarma, shi kaɗai ne kuma zai ce a tashi.

Aikin wane ne?

Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, wanda jama'a suka fi sani da suna kojes, da ƙungiyar iyayen yara, da ta iyaye mata. Sau da yawa taronsu ba ya wuce batun kuɗin kara da alli. Ya kamata cikin tsarin aikin da suke rubutawa kowace shekara a ware layi guda don tsaro: wa zai kawo rairayi, wa zai riƙe akwatin magani, nawa za a ajiye don man babur ko hayar mota in an samu na kaiwa likita da gaggawa. Kuɗin nan a ajiye su dabam, kada a ranta su don biki. Mutanen ƙasar Agye ba baƙin irin wannan tsari ba ne. A Ɗan Saga da ƙauyukan kewaye, kwamitocin gari, maza da mata, sun tsare itatuwan gonaki da sassaben zamani har ƙasar da ta yi fako ta sake yin duhu, baƙi suna zuwa daga ƙasashe suna kallo. Waɗanda suka iya tsaron gawo da kalgo ba za su kasa tsaron runfar da ƴaƴansu suke ciki ba.

Ma'aikata kuma suna da nasu rabo. Mai duba makarantu in ya zo rangadi, bayan ya duba littafin darasi, ya zaga bayan aji ya ƙidaya ƙofofi, ya leƙa salanga. Shugaban likita ya ware yini ɗaya cikin shekara ya koya wa malamai biyu da manyan ɗalibai kaɗan taimakon farko, ƴan agaji na Kuros Ruj ma sun iya wannan aiki. Shugaban gunduma da masu riƙon komin su sa batun cikin taron shirin komawa makaranta, a gayyato sarakuna da limamai, gama maganar da aka ji a masallacin Juma'a ta fi takardar ofis saurin isa gida.

Lokacin yin duk wannan shi ne ƙarshen Satumba da cikin Oktoba, sa'ad da ake yankan kara ana kafa dirka. In an riga an ɗaure runfuna shida a jere da ƙofa ɗai-ɗai, ba mai yarda a kwance su cikin Janairu. Ranar da iyaye suka taru da gatari da igiya, darekta ya riga su zuwa fili, ya auna tazara da ƙafarsa, ya kafa turaku inda kowace runfa za ta tsaya, ya nuna wa masu ɗauri inda ƙofa ta biyu za ta kasance.